Wa ya kamata ya biya kuɗin gina filin wasa?

Tambaya: Malam, na daɗe ina karanta bayananka kan tattalin arziki, na kuma san kana cikin masu ra'ayin libatariyan, masu cewa gwamnati ta rage sa hannu a harkokin mutane. Abin da na kasa ganewa shi ne, duk lokacin da wata gwamnati ta tashi gina katafaren filin wasa, ko ta nemi karɓar baƙuncin Olamfik ko Kofin Duniya, sai ku tashi da suka. Ai wannan yana kawo aikin yi, yana kawo baƙi, yana ɗaga sunan gari. Ko dai wasannin ne ba kwa so?

Amsa: Na gode, ɗan'uwa. Ina son ƙwallo ƙwarai, kuma ban taɓa raina abin da mutum yake ji a ransa ranar da ƙungiyarsa ta ɗauki kofi ba. Inda muke da magana shi ne aljihun da kuɗin zai fito. Kuɗin gwamnati haraji ne, haraji kuwa ba a tambayar mutum ko ya yarda kafin a karɓa. Saboda haka duk wanda ya ce a gina filin wasa da shi, nauyi yana kansa ya nuna cewa abin zai amfani wanda aka karɓi kuɗin daga hannunsa, har da wanda bai taɓa kallon wasa ba kuma ba zai taɓa ba. A nan ne hujjar take rushewa.

Mu fara da maganar aikin yi da ciniki, tunda ita ake fara kawowa. Ɗauki magidanci mai albashi a birnin da aka gina sabon fili. Yana da ɗan abin da yake warewa duk wata don shaƙatawa da iyalinsa. Gina fili bai ƙara masa ko kwabo a albashi ba. In ya sayi tikiti huɗu ya kai yaransa kallo, to wannan watan ba zai kai su gidan abinci ko sinima ko wurin wasan yara ba. Cinikin da aka yi a bakin fili an rasa shi ne a wata unguwar ta birnin. Har ma gara kuɗin da aka kashe a unguwa, domin mai gidan abinci a garin yake zaune, a garin yake biyan ma'aikata, a garin yake sayen kaya. Kuɗin tikiti kuwa kaso mai tsoka yana tafiya ne ga 'yan wasa da mai ƙungiya, waɗanda yawancinsu gidajensu da jarinsu suna wani wuri dabam. Ayyukan da filin yake samarwa bayan an gama gini kuma na 'yan sa'o'i ne: masu duba tikiti, masu gadi, masu shara, masu sayar da lemo. A gasar NFL ta zari-ruga a Amurka, ƙungiya tana buga wasa kamar goma ne a gida a shekara. Sauran kwanakin ginin da ya ci dala biliyan ɗaya yana rufe, sai in an sami mawaƙin da zai kama haya.

Masana tattalin arziki ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, amma a kan wannan sun kusa haɗuwa gaba ɗaya, na dama da na hagu. Roger Noll da Andrew Zimbalist sun tattara bincike mai yawa a 1997, ba su sami filin da ya mayar wa birni abin da aka zuba masa ba. Bayan shekara 25, John Bradbury da Dennis Coates da Brad Humphreys suka sake bin binciken da aka yi cikin shekaru talatin, sakamakon bai canza ba. Rahotannin da kake gani masu cewa fili zai kawo biliyoyi, duba wanda ya biya aka rubuta su. Kusan kullum ƙungiyar ce ko kwamitin neman gasar, kuma dabarar ɗaya ce: a ƙidaya duk kuɗin da zai shiga filin, a yi shiru kan inda ya fito.

Wani Bafaranshe mai suna Frédéric Bastiat ya yi bayanin wannan tun 1850, inda ya raba tsakanin abin da ido yake gani da abin da ba ya gani. Fili kowa yana ganinsa, ana yanka kyalle, ana ɗaukar hoto. Shagon da ba a buɗe ba saboda haraji ya cinye jarin, ko bututun ruwan da ba a gyara ba, babu mai ɗaukar hotonsu. A gundumar Hamilton ta jihar Ohio abin da ba a gani ya fito fili. A 1996 aka ƙara rabin kashi ɗaya cikin ɗari a harajin saye da sayarwa don a gina wa ƙungiyar zari-ruga ta Bengals da ƙungiyar besbal ta Reds filaye, aka yi wa mutane alkawarin za a sassauta musu harajin gidaje. Kuɗin da aka yi hasashe bai shigo ba. Yarjejeniyar hayar kuma ta ɗaure gundumar da kula da filin Bengals, har da sayo na'urorin da ba a ma ƙera su ba a lokacin da aka sa hannu. Ƙarshenta aka zabtare sassaucin da aka yi alkawari, aka rage ma'aikata, har asibitin gunduma aka sayar don a cike giɓi.

To in haka ne, me ya sa ake ta maimaitawa? Saboda riba tana taruwa a hannun mutane kaɗan, asara kuma tana warwatsuwa a kan miliyoyi. Mai ƙungiya zai sami ɗaruruwan miliyoyi, don haka zai ɗauki lauyoyi, ya biya masu kamun ƙafa, ya ba da gudummawar yaƙin neman zaɓe. Ɗan kwangila da shugabannin ƙungiyar magina suna bayansa. Ita kuwa matar da za a ƙara wa 'yan sulalla a duk sayayyar da ta yi, ba za ta bar aikinta ta je zauren majalisar birni ta yi gardama ba, kuma ba laifinta ba ne, domin asarar wuni guda ta fi abin da za ta tsira da shi. Ga kuma bambancin lokaci: wa'adin magajin gari shekara huɗu ne, bashin fili shekara talatin. Wanda ya yanka kyalle ya daɗe da barin kujera kafin a fara jin zafin biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan bai bar kowace jam'iyya ba, shi ya sa nake jin haushin masu ɗaukar cewa ra'ayinmu kare attajirai ne. A 1991 birnin Arlington na jihar Texas ya amince da ƙarin haraji don tara dala miliyan 135 a gina wa ƙungiyar besbal ta Rangers fili, aka kuma yi amfani da ikon hukuma aka karɓe filayen mutanen da suka ƙi sayarwa. Ɗaya daga cikin masu ƙungiyar shi ne George W. Bush na jam'iyyar Republican, wanda ya zuba kusan dala dubu 600, ya fita da kusan miliyan 15 da aka sayar da ita a 1998. Filin da aka buɗe a 1994 bai kai shekara talatin ba aka ce ya tsufa, birnin ya sake ɗaukar nauyin dala miliyan 500 na wani sabo. A 2022 kuma gwamnar jihar New York, Kathy Hochul ta jam'iyyar Democrat, ta ƙulla yarjejeniyar ba ƙungiyar Buffalo Bills dala miliyan 850 daga baitulmalin jiha da na gunduma. Kasuwa mai 'yanci tana nufin in ka ci riba taka ce, in ka faɗi kai za ka ɗauka. Attajirin da ya riƙe riba ya tura wa jama'a hasara ya fita daga wannan tsarin, kuma mu ne ya kamata mu fara faɗa masa.

Makamin da masu ƙungiyoyin Amurka suke riƙe da shi shi ne barazanar ƙaura. Gasanninsu a rufe suke. NFL ƙungiya 32 ce, babu mai faɗawa rukunin 'yan dagaji, babu mai hawowa, kuma da gangan ake barin wasu manyan birane babu ƙungiya don a riƙa tsorata sauran da su. Birnin St. Louis ya gina rufaffen fili da kuɗin jama'a zalla, aka buɗe shi a 1995 don jawo ƙungiyar Rams. A yarjejeniyar an rubuta cewa in filin ya fita daga sahun farko na filayen gasar, ƙungiyar tana da damar tafiya. A 2016 ta tafi Los Angeles, mutanen St. Louis suka ci gaba da biyan bashin filin da babu ƙungiya a cikinsa, sai da suka kai ƙara kafin a yi sulhu kan dala miliyan 790 a 2021. Mai ƙungiyar, Stan Kroenke, shi ne dai mai Arsenal. Da ya isa Los Angeles, ya gina filin SoFi a kan kusan dala biliyan biyar da kuɗinsa da na masu ba shi rance. Ka ga ke nan inda fili zai ci da kansa ba sa jiran gwamnati. Inda suka matsa sai an ba su, sun riga sun yi lissafi sun ga ba zai ci da kansa ba.

Olamfik da Kofin Duniya kuwa sun fi muni, domin mai sayarwa ɗaya ne, masu saye suna ta rige-rige, kuma ranar buɗewa ba ta ɗaguwa. Ɗan kwangilar da ya san dole a gama kafin ranar kaza, duk abin da ya faɗa shi za a biya. Masu bincike a jami'ar Oxford ƙarƙashin Bent Flyvbjerg sun bi kasafin gasannin Olamfik tun daga 1960, suka tarar duk wadda aka sami alƙalumanta ta zarce abin da aka tsara. Magajin garin Montreal, Jean Drapeau, ya taɓa cewa yadda namiji ba zai haihu ba, haka gasar 1976 ba za ta jawo giɓi ba. Sai a 2006 aka gama biyan bashin, shekara talatin cif, galibi da haraji na musamman da aka ɗora wa taba. Kafin a gama biya, ƙungiyar besbal da take amfani da filin da aka gina don gasar ta riga ta koma Washington. Girka ta kashe kusan yuro biliyan tara a kan Olamfik ta 2004, wuraren wasa da dama ciyawa ta cinye su. Rasha ta kashe wajen dala biliyan 50 a kan Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi a 2014. A Afirka ta Kudu, hukumar hana haɗin baki a kasuwanci ta ci tarar kamfanonin gine-gine 15 rand biliyan 1.46 a 2013, saboda sun raba kwangiloli a tsakaninsu a ɓoye, ciki har da na filayen Kofin Duniya na 2010.

Gasar da ake yawan kawowa misalin riba ita ce ta Los Angeles a 1984, kuma dalilin ribar yana goyon bayan maganarmu. Bayan abin da ya sami Montreal, birane suka gudu, Los Angeles kaɗai ta rage a neman gasar. Mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'a suka hana a taɓa baitulmalinsu. Dole kwamitin Olamfik na duniya ya haƙura, aka bar wa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Peter Ueberroth. Ya yi amfani da tsohon filin da aka yi gasar 1932 a cikinsa, ya sauke 'yan wasa a ɗakunan kwanan jami'o'i, ya sayar da haƙƙin talabijin da tallace-tallace da tsada. Aka tashi da rarar sama da dala miliyan 200.

Akwai abin da ya fi kuɗi damuna, wato yadda ake lanƙwasa doka. Birazil ta daɗe da hana sayar da giya a filayen ƙwallo saboda tashin hankalin magoya baya. Da ake shirin Kofin Duniya na 2014 a can, FIFA ta ce sai an sayar, domin kamfanin giya na Budweiser yana cikin masu ɗaukar nauyinta, a 2012 aka yi doka ta musamman aka buɗe ƙofa. Ko kana goyon bayan haramcin ko ba ka goyon baya, ka lura da abin da ya faru: dokar da ta hau kan kowa an ɗage ta saboda baƙo mai kuɗi, na wata guda. Aka yafe wa FIFA haraji, aka kuma shata da'irar da ta kai kilomita biyu a kewayen filaye inda FIFA ce take da ikon cewa wa zai yi talla. Mai tura baro yana sayar da ruwan sanyi, wanda aka ce gasar za ta amfane shi, shi aka fara kora. A Manaus, tsakiyar dajin Amazon, aka gina fili mai kujeru sama da dubu 40 don wasa huɗu, a birnin da ba shi da ƙungiya a babbar gasar ƙasar. Ba mamaki a watan Yunin 2013 mutane suka cika tituna, zanga-zangar da ta faro daga ƙarin kuɗin bas ta koma neman asibitoci da makarantu masu inganci irin na filayen FIFA. Ana shirin Olamfik ta 2016 kuma aka tashi ɗaruruwan iyalai daga unguwar Vila Autódromo a Rio, iyalai kusan ashirin ne suka jure har ƙarshe. Gidan talaka dukiyarsa ce kamar yadda ƙungiya take dukiyar attajiri, kuma gasar mako biyu ba ta kai dalilin da za a sa katafila ta rushe shi ba.

Yanzu bari in ba hujjarka haƙƙinta, domin akwai ɓangaren da yake da ƙarfi. Alfaharin gari gaskiya ne. Mutum yana iya jin daɗin cewa garinsu yana da ƙungiya ko da bai taɓa sayen tikiti ba, kuma wannan jin daɗin yana da daraja. Masana sun gwada auna shi ta hanyar tambayar mutane nawa za su iya biya don kada ƙungiya ta tafi, abin da suke samu yawanci bai kai ko kusa da tallafin da ake bayarwa ba. Ana kuma kawo misalin Barcelona, wadda ta karɓi baƙuncin Olamfik ta 1992 ta gyara bakin tekunta da hanyoyinta. Gaskiya ne ta amfana, amma mafi yawan kuɗin hanyoyi da magudanai da gidaje suka tafi, kuma tsarin yana nan tun kafin a ba ta gasar. In birni yana bukatar hanya, ya gina hanya. Ba sai ya haɗa da filin tseren keke da babu mai hawa ba.

Kuma son ƙungiya in na gaske ne yakan nuna kansa ba tare da an tilasta wa kowa ba. A 2008 filin ƙungiyar Union Berlin ya lalace har hukumar ƙwallo ta ce bai cancanci a yi wasa a cikinsa ba, ƙungiyar kuma ba ta da kuɗi. Magoya baya sama da dubu biyu suka fito da shebur da cokalin gini, malaman makaranta da direbobi da 'yan fansho, wasu suna ɗaukar hutun shekararsu don su zo kwaɓa siminti. Suka yi aikin sa'o'i kusan dubu 140 kyauta, aka buɗe filin a 2009. Tun a 2004 waɗannan mutanen sun riƙa ba da jini a asibiti suna miƙa wa ƙungiyar ɗan abin da ake ba su. A 2019 ta hau Bundesliga, a 2023 ta buga gasar Zakarun Turai. A Ingila, da aka amince a 2002 a kwashe ƙungiyar Wimbledon zuwa Milton Keynes, magoya bayanta suka kafa tasu, suka yi gwajin 'yan wasa a filin shaƙatawa na unguwa, suka faro daga mataki na tara. A 2011 suka shiga rukunin ƙwararru, a 2020 suka koma Plough Lane, a filin da su da kansu suka ranta wa ƙungiyar sama da fam miliyan biyar don a ƙarasa shi.

Kwatanta ƙungiyoyi biyu na Landan. Arsenal ta ci bashi ta gina Emirates a kan kusan fam miliyan 390, ta shiga a 2006, kuma duk mai bin ƙwallo ya tuna shekarun da Arsène Wenger ya yi yana sayar da manyan 'yan wasa yana lallaɓawa da yara. Ƙungiyar da magoya bayanta ne suka ɗauki wannan nauyin, kuma su ya kamata su ɗauka. West Ham kuwa ta shiga filin Olamfik na 2012 a 2016. Gyaran da aka yi don ya dace da ƙwallo ya haura fam miliyan 300, ita ta ba da miliyan 15, aka ba ta hayar shekara 99 da ta fara a kan fam miliyan biyu da rabi a shekara, yawancin hidimar ranar wasa kuma a wuyan mai filin take, wato jama'a. Mazaunin Landan mai goyon bayan Tottenham ko Millwall, ko wanda ƙwallo ba ta dame shi ba, yana cikin masu biya.

Mutane sun fara ganewa, kuma in aka tambaye su kai tsaye sukan ƙi. Masu zaɓe a jihar Colorado sun mayar da Olamfik ta hunturu tun a 1972, aka kai ta Innsbruck. Hamburg ta ƙi a ƙuri'ar raba-gardama a 2015, Boston ta janye a shekarar, Calgary ta ƙi a 2018. Neman gasar 2024 ya rage saura birni biyu, har sai da kwamitin Olamfik ya raba musu, Paris ta ɗauki 2024, Los Angeles 2028. A watan Afrilun 2024 mazauna gundumar Jackson a Missouri suka ƙi harajin filaye da kashi 58 cikin ɗari, alhali ƙungiyarsu ta Kansas City Chiefs ba ta fi wata biyu da ɗaukar Super Bowl, wato kofin gasar NFL, ba.

Ba kullum ake ƙi ba. A Disamban 2023 mutanen Oklahoma City suka amince da kusan kashi 71 cikin ɗari a gina zauren ƙwallon kwando na aƙalla dala miliyan 900, inda masu ƙungiyar Thunder da za ta riƙa wasa a ciki za su ba da miliyan 50 kacal. A nan mu kanmu muna da saɓani. Wasunmu suna cewa tunda an tambayi jama'a sun yarda, magana ta ƙare. Ni ina ganin ƙuri'a ta fi yarjejeniyar da ake ƙullawa a ɗaki nesa ba kusa ba, amma ba ta wanke abin gaba ɗaya. Kashi 29 ɗin da suka ce a'a za su biya duk lokacin da suka shiga kanti, haka mutanen ƙauyukan kewaye da suke zuwa sayayya ba su da ƙuri'a a birnin, haka yaran da ba su isa zaɓe ba. Rinjaye yana da hurumi a kan abin da ba ya yiwuwa sai an haɗu, kamar kotu da tsaro. Zauren da ake shiga da tikiti yana da ƙofa da mai karɓar kuɗi, ana iya cajin wanda ya shiga a ƙyale wanda bai shiga ba. Waɗannan kashi 71 ɗin suna da hanyar da za su bi: ƙungiyar ta fitar da takardun bashi ko hannun jari su saya, kamar yadda magoya bayan ƙungiyar Green Bay Packers ta gasar NFL suka sha sayen hannun jari don a gyara filinta na Lambeau. In kuma birni ya nace sai ya sa kuɗi, mafi ƙarancin abin da zan nema shi ne a buga yarjejeniyar kowa ya karanta kafin a sa hannu, duk abin da ya ƙaru a kan kasafi ya hau kan ƙungiya, kuma ranar da aka sayar da ita birnin ya karɓi kasonsa daidai da abin da ya zuba.